Gargaɗin "hare-hare za su ƙaru" da Amurka ta riƙa yi a Iraƙi, wa ya amfana da shi?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da dukkan ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a bani ɗan fili in tofa albarkacin bakina akan waiwayen da kuka yi na yaƙin Iraƙi. Gaskiya kun yi ƙoƙari, musamman da kuka tuna wa matasa cewa makaman ƙare dangin da aka ce Saddam ya ɓoye ba'a taɓa ganinsu ba har yau. Amma akwai wuri ɗaya da ya tsaya mun a rai, inda marubucin yace ai jami'an Amurka sun sha yin gargaɗi cewa hare-haren 'yan tawaye za su ƙaru, kamar dai wannan wani abin yabo ne, wato sun faɗa wa duniya gaskiya tun da wuri. Ni kam ban yarda da wannan fahimtar ba sam, kuma zan faɗi dalilina.

Duk wanda ya bi labaran nan a rediyo a lokacin, BBC ne ko Muryar Amurka ko Jamus, zai tuna cewa gargaɗin nan lokaci gareshi. Za'a miƙa wa Iraƙawa mulki, sai ace hare-hare za su ƙaru. Za'ayi zaɓe, hare-hare za su ƙaru. Azumi ya gabato, haka. An kama Saddam a watan Disambar 2003 a wani rami kusa da Tikrit, shi kanshi Bush, shugaban Amurka na lokacin, ya fito yace kamun ba yana nufin tashin hankali ya ƙare ba. Ranar 24 ga Mayun 2004 a jawabin da yayi a wata kwalejin horar da manyan sojoji a jihar Pennsylvania, yace yayin da Iraƙawa ke matsowa kusa da mulkin kansu, da alama 'yan ta'adda za su ƙara ƙaimi su ƙara rashin imani. Toh duk wannan an faɗa, ban musa ba. Tambayata ita ce, mai sayar da shayi a Baƙuba ko matar da zata kasuwa a Bagadaza, me wannan gargaɗin ya ƙara musu? Ina za su gudu? Ba'a ce musu ga hanyar da za ku kauce wa ba, ba'a ƙara masu gadi a layin da 'ya'yansu ke tsayawa neman aikin ɗan sanda ba, kawai an sanar da cewa za'a mutu dayawa, shikenan.

Ni a ganina ba Iraƙawa ake yi wa maganar ba ma, mutanen Amurka ake yi wa, domin a Nuwamban 2004 akwai zaɓen shugaban ƙasa, kuma gawarwakin sojoji na ta komawa gida. In ka riga ka faɗa wa mutane abu zai ɓaci, toh ranar da ya ɓaci kai ka zama mai hangen nesa, ba wanda zai tsareka da tambayar waye ya ɓata shi. Abin da yafi ci mun rai shine yadda suka juya lissafin gaba ɗaya. Ranar 27 ga Oktoban 2003, farkon azumi, an tayar da bama-bamai a hedikwatar ƙungiyar agaji ta Red Cross da ofisoshin 'yan sanda a Bagadaza, mutum sama da 30 suka mutu, a ranar Bush yace wai duk lokacin da suka ƙara samun nasara haka makasan nan za su ƙara mayar da martani. Malam Edita ka duba wannan magana da kyau. In hare-hare sun ragu, nasara ce. In sun ƙaru, shima alamar nasara ce. Toh ta wace hanya kenan talakan Iraƙi ko ma ɗan majalisar Amurka zai iya cewa wannan shiri ya gaza a canza shi? Babu. An toshe ƙofar gyara, kuma jinin mutane ne ya biya.

Sannan fa kar mu manta su waye ke riƙe da ƙasar a lokacin. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙudiri mai lamba 1483 na watan Mayun 2003 ya ambaci Amurka da Birtaniya a matsayin ƙasashen da suka mamaye Iraƙi, kuma dokokin yaƙi na Hague tun na 1907 sun ɗora wa mai mamaya nauyin dawo da doka da oda da tsare lafiyar jama'a iya ƙarfinsa. Kenan tsaron nan ba alfarma bane, wajibi ne akansu. Mai gadin da ya kori masu gida daga bakin ƙofa ya karɓe makullai, in ya zo yana ce maka ɓarayi za su ƙaru a daren nan, ai ba godiya zaka yi mishi ba, tambayarshi zaka yi me ya tanada.

Kuma mu koma baya kaɗan mu ga ina wutar ta samo asali. Bagadaza ta faɗi ranar 9 ga Afrilun 2003, aka shiga wasoson ma'aikatu da asibitoci da gidan adana kayan tarihi sojoji na kallo, ma'aikatar man fetur dai an sa mata gadi. Ranar 28 ga watan sojojin Amurka suka buɗe wuta akan masu zanga-zanga a Falluja waɗanda ke neman sojojin su fita daga wata makaranta da suka mayar sansani, mutum 17 suka mutu, tun daga nan garin bai sake yarda dasu ba. Sai Paul Bremer ya zo a matsayin kantoman da Amurka ta naɗa ya riƙe Iraƙi, ranar 16 ga Mayu ya sa hannu a dokar korar manyan 'yan jam'iyyar Ba'ath ta Saddam daga aikin gwamnati, abin da ya shafi har malaman makaranta da likitoci waɗanda dayawansu sun yanki katin jam'iyya ne dan su samu aiki, sannan ranar 23 ga Mayu ya rusa rundunar sojan ƙasar ɗungurungum, kusan mutum dubu 400, magidanta masu iyali, sun iya harbi sun san inda rumbunan makamai suke, aka ce su tafi gida. Wallahi ko yaro ya san abin da zai biyo baya. Bayan ka yi wannan da hannunka sai kuma ka dawo kana gargaɗin cewa za'a samu ƙaruwar hare-hare?

Akwai gargaɗi na gaskiya fa, wanda da an saurara da ya yi amfani, amma shi ne aka yi watsi dashi. A Fabrairun 2003 kafin a fara yaƙin, babban hafsan sojojin ƙasa na Amurka Janar Eric Shinseki ya faɗa wa majalisar dattawa cewa riƙe Iraƙi bayan yaƙi zai buƙaci ɗaruruwan dubban sojoji, mataimakin sakataren tsaro Paul Wolfowitz ya fito fili yace lissafin nashi ya yi nisa da gaskiya. Jay Garner wanda Bremer ya gada shima ya nuna rashin amincewarsa da korar da aka yi wa 'yan Ba'ath haka da faɗi. Waɗannan sun yi magana ne a lokacin da ake iya canza shawara, aka ƙi ji. Ranar 1 ga Mayu Bush ya tsaya akan jirgin ruwan yaƙi yace manyan faɗace-faɗace sun ƙare, a farkon Yuli ma har cika baki yayi yana cewa masu kai harin su zo, sai a tsakiyar watan ne Janar John Abizaid, kwamandan sojojin Amurka a yankin, ya amsa cewa yaƙin sunƙuru ake yi dasu. Kafin watan Agusta ya fita an tarwatsa ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Bagadaza, mutum 22 suka mutu har da wakilinta Sergio Vieira de Mello, an kuma kashe Ayatullahi Muhammad Baƙir al-Hakim da mutane masu yawa a ƙofar masallacin Imam Ali a Najaf bayan sallar Juma'a.

Abin da zai nuna maka wa ake karewa shine ranar miƙa mulkin. An tsara 30 ga Yunin 2004, sai kwatsam aka yi shi ranar 28 a cikin killataccen yankin nan na Green Zone a Bagadaza, a ɗan taƙaitaccen biki, Bremer ya miƙa takardun mulki ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Iyad Allawi ya hau jirgi ya bar ƙasar a ranar. Su gargaɗin ya musu amfani, sun kauce. Wata ɗaya cif bayan nan mota maƙare da bama-bamai ta tashi a Baƙuba kusa da layin masu neman aikin ɗan sanda, kimanin mutum 70 suka rasu. Lokacin zaɓen 30 ga Janairun 2005 kuwa an rufe iyakoki an hana motoci yawo, kuma duk da an kai hare-hare mutane miliyoyi sun fita sun yi zaɓe, wato dai in ana so a ɗauki mataki ana iyawa, amma na kwana biyu uku ne saboda idon duniya na wurin. Ƙarshen Fabrairu a garin Hilla ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe sama da mutum 120 a layin gwajin lafiya na masu neman aikin gwamnati. Bayan wata uku kacal Dick Cheney, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, yace wai tawayen na kan gargarar mutuwa. A 2006, shekarar da aka fasa hubbaren limaman Shi'a na garin Samarra rikicin Sunni da Shi'a ya ɓarke, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga fararen hula sama da dubu 34 da aka kashe.

Kar wani ya ɗauka ina wanke masu tayar da bam ɗin ne, Allah ya kiyaye. Wanda ya shiga cikin masu Ashura a Karbala a Maris 2004 ya tayar da bam, ko mutanen Zarƙawi, jagoran al-Ƙa'ida a Iraƙi, da suka mayar da kasuwa da masallaci filin yanka, ba ƴanci suke nema wa kowa ba, kuma mafi yawan waɗanda suka kashe Musulmi ne 'yan uwansu Iraƙawa, alhakin wannan jinin na wuyansu har gaban Allah. Amma laifin ɗan ta'adda baya goge nauyin wanda ya rushe gwamnati ya ce shi zai riƙe ƙasa.

Mu ma nan abin bai barmu ba. Da sunan Nijar aka yi ƙaryar cewa Saddam na neman yuraniyom a can, bisa wasu takardu da hukumar makamashin nukiliya ta duniya ƙarƙashin Mohamed ElBaradei ta ce na jabu ne tun a Maris 2003 kafin a harba harsashi ɗaya. Kuma ƙungiyar Zarƙawi ce ta rikiɗe ta zama ISIS a hannun Abubakar al-Bagadadi wanda shi kanshi ya zauna a gidan yarin sojojin Amurka na Bucca a 2004, ita ce ta kama Mosul a 2014, ita ce kuma Shekau ya yi wa mubaya'a a Maris 2015, daga nan muka samu ISWAP a yankin tafkin Chadi.

Roƙona gareku Malam Edita, in za ku sake rubutu akan wannan yaƙi, ko wani jami'i a ko'ina ya fito yace hare-hare za su ƙaru, dan Allah kar ku tsaya a ɗauko maganarsa kawai ku buga. Ku tambaye shi wane mataki ya ɗauka, sojoji ko 'yan sanda nawa ya tura kuma ina, me yake so mutanen gari su yi, sannan bayan wata ɗaya ko biyu ku koma masa da adadin waɗanda suka mutu ku ji me zai ce. Kuma in da hali ku gyara wancan sakin layi a bugu na gaba, saboda yaran da aka haifa bayan 2003 daga irin rubutunku za su san tarihin nan.

Na gode da bani dama, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.

Naku, mai karatu daga Zariya.