Wasiƙa zuwa ga ɗana da ya fara alƙalancin wasan yara

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan kalau muke, in ban da ƙafar Innarka da ka sani.

Labarin wasan 'yan ƙasa da shekara 13 ya iso gare ni, kuma ba daga bakinka ba, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. An ce bayan an tashi wani uba ya tare ka a bakin fili ya ci kwalarka saboda fenaritin da ka bayar, kocinsu ya shiga tsakani ya ba ka haƙuri, kai kuma ka je ka rubuta cewa wasa ya ƙare lami lafiya. Kada ka ɓata lokaci neman wanda ya faɗa mini. Innarka ta ce ni na jawo, tunda ni na sa hannu a takardar kwas ɗin alƙalanci alhali ba ka cika 18 ba. Na sa, kuma ko gobe aka kawo zan sa. Yaron da ke haddace dokokin wasa tun kafin ya iya ɗaure igiyar takalminsa ba a hana shi usur. Amma ban sa hannu don a riƙa cin mutuncinka kana haɗiyewa ba.

Kariyarka tana farawa tun kafin a take ƙwallo. Ka isa fili da aƙalla minti 45 a hannunka. Raga da layi kowa yana dubawa. Kai ka ƙara da duba inda 'yan kallo za su tsaya. A ja igiya ko a jera alamomi kamar mita biyu zuwa uku daga layin gefe, iyaye duka su koma gefe guda, koci da 'yan benci su ɗauki ɗaya gefen, bayan raga kuwa ba kowa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta shigo da irin wannan shinge cikin shirinta na girmama alƙalai a 2008, dalilin kuwa a fili yake: mutumin da ƙafarsa ke kan layi ji yake yana cikin wasan, taku ɗaya ya raba shi da kai. Wanda ke bayan igiya sai ya tsallaka, kowa kuma ya ga ya tsallaka. Daga nan ka kira kocin gida, ka ce ya nuna maka baligi guda da ke kula da 'yan kallo a ranar, ka rubuta sunansa a littafinka yana kallo. In aka ba ka wani uba ya riƙe tuta, ka gaya masa aikinsa ɗaya ne, ya nuna ƙwallo ta fita. Satar fage da keta naka ne. Da yawa daga rigingimun wasan yara daga tutar uban da ɗansa ke cikin fili suke tashi.

Cikin wasa, ka rarrabe mutum uku, don kowanne hukuncinsa daban. Ɗan wasa in ya yi maka gardama da baki ko da nunin hannu, katin gargaɗi ne; in zagi ne ko cin mutunci, jan kati, ko da shekararsa 12 ce, ko da kuka zai yi. Ka bincika ko gasarku ta karɓi tsarin fitar da ɗan wasa na ɗan lokaci, wanda hukumar tsara dokoki ta IFAB ta amince da shi a 2017 don wasannin yara da na ƙananan matakai: minti 10 a wasan minti 90, kamar 8 a na minti 60. Yana aiki fiye da kati, domin abokan wasansa ne za su ja masa kunne da sun ga saura su goma. Koci kuma, tun 2019 kana da ikon ɗaga masa kati kamar kowa, in aka yi zagi daga benci ba ka gane bakin wa ba, babban kocin ne zai ɗauka. Shiga fili don ya tunkare ka, ko da a hutun rabin lokaci ne ko bayan an tashi, jan kati ne kai tsaye.

Ɗan kallo ne ba ka da kati a kansa, kuma a nan sababbin alƙalai ke faɗuwa. Kada ka juya ka amsa masa, kada ka je inda yake, kada ka yi masa bayanin doka. Ba bayani ya zo nema ba. Ka jira ƙwallo ta fita, ka tsayar da wasa, ka kira koci da wancan baligin da ka rubuta, ka ce musu a natse: mai jar hular can, in bai daina ba wasa ba zai ci gaba ba. Ya sake, ka ce sai ya bar wurin kafin a take. Ya ƙi tafiya, ko ya yi maka barazana, ko wani ya taɓa ka, ka busa ka tashi wasan. Doka ta 5 cikin dokokin ƙwallon ƙafa ta ba ka ikon tsayarwa, dakatarwa da tashin wasa gaba ɗaya. Wa za a ba maki ba ruwanka, na masu gasa ne, kuma kada ka bari a ja ka cikin wannan muhawara a fili. Abin da ke ɓata wannan tsari shi ne jinkiri. Zagin farko a minti na 10 in aka ƙyale shi, a minti na 50 baki biyar ne ke yi, yaran cikin fili kuma sun riga sun koya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke hana ni barci shi ne ɗan lokacin nan daga busa ta ƙarshe zuwa fitarka daga harabar fili. Cikin wasa kana da usur, kana da kati, idon kowa yana kanka. Da ka busa tashi, igiya ta faɗi, koci ya juya yana tattara ƙwallaye, yara sun watse, kai kaɗai kake tafiya da jaka a kafaɗa, mutumin da ya yi awa guda yana tafasa kuma ya san ƙofar da za ka bi. A Disamba 2012, a garin Almere na ƙasar Holan, Richard Nieuwenhuizen, ɗan shekara 41, ya riƙe tuta a wasan matasa da ɗansa ke bugawa. Bayan an tashi 'yan wasan ɗaya ƙungiyar, yara 'yan 15 da 16, suka rufe shi da duka. Ya miƙe da ƙafarsa kamar ba komai, bayan 'yan sa'o'i ya yanke jiki ya faɗi, washegari ya cika. A 2013, a jihar Utah ta Amurka, naushi guda wani yaro ɗan 17 ya kai wa Ricardo Portillo saboda katin gargaɗi, bayan kamar mako ya rasu. Ka ce nesa ne. Shi wanda ya ci kwalarka da hannu ɗaya, ɗayan hannun ina yake a lokacin? Ka duba?

Don haka ka ji ni da kyau. In ka busa tashi, kada ka nufi bakin fili. Ka tsaya a da'irar tsakiya, mataimakanka su zo su same ka, a gaisa a can, ka bar jama'a su ragu. Jakarka tun farko a gefen benci za ka ajiye ta, ba gefen iyaye ba, wayarka a ciki da caji. Ka fita tare da baligi, kuma wanda zai ɗauke ka ya riga ya iso kafin a tashi, ba ka tsaya a ƙofa cikin kayan alƙalanci kana jira ba. Ɗora riga a kai. Duk wanda ya ce "alƙali, tambaya ɗaya kawai", ka ce masa ya aika wa masu gasa, kana faɗa kana tafiya. In kuma, Allah ya kiyaye, aka taɓa kanka, ko da mari ne, ko da ka ji garau, asibiti a ranar. Jinin da ke taruwa cikin ƙwaƙwalwa ba kullum yake nuna kansa nan take ba. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, jiri ko barcin da ba na lokacinsa ba, ba a kwana da su a gida.

Yanzu rahoton nan. Abin da ka yi ba haƙuri ba ne, ƙarya ce ka sa wa hannu, kuma ba haka aka tarbiyyantar da kai ba. Kocin da ya roƙe ka ba tausayinka ya ji ba, tarar ƙungiyarsa yake gudu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: mutumin nan ya gwada ya ga ba abin da ya biyo baya, mako mai zuwa kuma wata yarinya 'yar 15 za a tura ta hura musu wasa, ba wanda zai gargaɗe ta domin takardarka ta ce lafiya. Kwamitin ladabtarwa ba ya hukunci da jita-jita, da rubutu yake yi. Dokar kanta ta ce rahoto ya ƙunshi abin da ya faru kafin wasa, cikinsa da bayansa.

A daren wasa ake rubutawa, tun abin yana sabo. Minti nawa ne, a ina kake tsaye, tazarar da ke tsakaninku, kayan da ke jikinsa, ɓangaren da yake goyon baya, su wa suka gani. Kalmomin da ya faɗa ka kawo su yadda suka fito, komai muninsu. "Ya zage ni" ba ya tsayawa a gaban kwamiti, lauya ko shugaban ƙungiya zai ce wasa ne. Kada ka rubuta "ina jin ya yi niyyar dukana", rubuta "ya kama wuyan rigata da hannun dama ya ja ni". Rigar in ta yage ka ɗauki hotonta, kada a ɗinke. Ka riƙe kwafi. Taɓa jiki kuwa ya wuce hurumin ƙwallo, na 'yan sanda ne. Faransa tun 2006 ta sa alƙalan wasa cikin masu aikin hidimar jama'a, hukuncin dukansu ya fi na dukan wani nauyi.

Na san abin da ke ranka. Kana tsoron a ce yaro ne, ba zai iya ba, a daina ba ka wasa. Na kuma san kunyar idon manya da ka gado wajen Innarka, ba laifi ba ce a wani wurin. Masu gasa su ne ke da abin kunya, ba kai ba. Alƙalin da bai kai 18 ba haƙƙinsa ne a haɗa shi da gogagge da zai tsaya a gefe, a wasu wurare har ƙyalle ake ɗaura masa a hannu don kowa ya san yaro yake zagi. A Ingila ma tun kakar 2023 ana iya cire wa ƙungiyar ƙananan matakai maki in ta maimaita cin zarafin alƙali. Ka tambayi mai rabon wasanninku wanne daga ciki suke da shi. In ba ko ɗaya, kada ka karɓi wasan wannan ƙungiya, ni zan yi masa bayani in kana jin nauyi.

Fenaritin kuwa ban tambayi ko daidai ne ba, kuma ba zan tambaya ba.

Ka zauna yau ka rubuta ƙarin rahoto, ka faɗi gaskiya cewa an roƙe ka ne ka yi shiru, ka aika ko da wa'adi ya wuce. Ka turo mini in gani kafin ka tura. Ka kuma turo jadawalin wasanninka na watan nan, yayanka ya ce zai riƙa zuwa ɗaukarka. Ka kira Innarka da kanka, fushinta da ni ne, ba da kai ba. Ƙannenka suna gaishe ka.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka