Kukan kwikwiyon da aka bari shi kaɗai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin masu kiwon kare a nan Damagaram game da kwikwiyon da ke wuni kuka da zarar mai shi ya fita, yana tonon bakin ƙofa har faratansa su yi jini. Tsoro ne ke damunsa, musamman idan an raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8, kuma bugunsa ƙara firgita shi yake yi. A fara barinsa na minti 2 ko 3, a dawo kafin ya rikice, sannan a riƙa tsawaita lokacin sannu a hankali, a ajiye masa ruwa a inuwa da tsohuwar rigar mai shi. Idan ya ƙi abinci, a kai shi wurin likitan dabbobi.

Naku,
Mai karatu daga Birni, Zinder