Wasiƙa zuwa ga ɗana game da iskar duniyoyi

Tudun Wada, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ya ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a Bauci, ina sanar da kai cewa na karanta daftarin aikin kammala digirinka a kan yadda duniyoyi ke rasa iskar da ta lulluɓe su. Zaɓin ya faranta mini rai, domin batu ne da nake sha'awa tun ina koyar da kimiyya a sakandare. Sai dai akwai wurin da nake so ka sake nazari kafin ka miƙa wa malaminka, wato inda ka jingina komai ga garkuwar maganaɗisu, ƙarfin nan da ke kewaye duniya yana kare ta daga ƙwayoyin da rana ke fesowa, kamar ita kaɗai ce ke hana iska tserewa.

Ka fara da nauyi da zafi. Kafin abu ya kuɓuce wa jan duniyarmu sai ya yi gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa ɗaya, a duniyar Mas kimanin 5 ya wadatar, a wata kuwa 2.4, shi ya sa wata bai iya riƙe iska ba. Can ƙololuwar sama, inda iska ta sirance har ƙwayoyinta ba su cika karo da juna ba, marasa nauyi su ne masu gudu, kuma su ne ke ficewa. Ko a yau duniyarmu tana asarar kimanin kilo 3 na haidurojin, iskar da ta fi kowace rashin nauyi, a kowace daƙiƙa.

Ka tuna yadda kakarka take shiƙar gero a bakin rumbu, ƙaiƙayi ya bi iska, tsaba ta zauna a faifai. Abin da ya sami Zuhura ke nan, tauraruwar da muke kira Gamzaki idan ta fito da asuba. Hasken rana mai ƙuna ya farfasa tururin ruwanta, haidurojin da ke cikin ruwan iri biyu ne, mara nauyi ya tsere, mai ɗan nauyin ya fi saura, har kasonsa a can ya ninka na duniyarmu fiye da sau 100. Da wannan tsabar da ta rage masana suke gane cewa ruwa mai yawa ya salwanta. To, Zuhura ba ta da maganaɗisun da ke fitowa daga cikinta irin namu, amma matsin iskarta ya ninka namu kusan sau 90, domin tana da girma kuma iskarta mai nauyi ce. Wannan misali kaɗai ya isa ya girgiza hujjarka, kuma gara ka gan shi da kanka kafin masu jarrabawa su nuna maka.

Ban ce ka watsar da maganaɗisu ba. Mas ta rasa nata kimanin shekara biliyan 4 da suka wuce, kuma a 2015 kumbon MAVEN na hukumar NASA ya nuna cewa guguwar ƙwayoyin da rana ke fesowa tana zaftare mata kimanin giram 100 na iska a daƙiƙa. Yanzu matsin iskarta bai kai kashi 1 cikin 100 na namu ba, ga busassun hanyoyin ruwa a doronta kamar rafukanmu a tsakiyar rani. Amma ƙanƙantarta ma tana da hannu, kuma wajibi ne ka faɗi haka.

Abin da ya fi taɓa zuciyata, kuma ban gan shi a daftarinka ba, shi ne sanyin da ke samanmu sama da inda gajimare ke haɗuwa, wanda ke daskarar da tururi ya dawo ƙasa kafin rana ta farfasa shi. Da shi Allah Ya tsare mana tekuna. Ka ware masa shafi guda, sannan ka jera duniyoyin uku a jadawali, kowace da girmanta da zafinta da irin iskar da ta rasa, ka aiko mini in duba kafin hutu.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.