Ƙarfin Land Cruiser yana hannun mai kula da ita

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu shiga daji da Toyota Land Cruiser mai injin 1HZ, na man gas (wato dizal), lita 4.2, silinda 6. Injin yana da juriya ƙwarai, amma abu uku ke kashe shi da wuri.

Babba shi ne gurɓataccen man gas. Ruwan da ke cikinsa yana cinye famfon injekta da nozul, gyara mai tsadar gaske. A ƙasan filtar mai akwai wurin tsiyaye ruwa. Da fitilarsa ta kama a gaban direba, a tsaya a zubar, kada a ce sai an isa gari.

Sai ƙura. Lokacin hunturu a riƙa duba filtar iska kowane mako, domin yashin da ya wuce ta yana goge ringi da silinda. Na uku shi ne belin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin a cikin injin, a canza shi a kilomita 100,000. In ya tsinke, fistin ya bugi bawul.

Kuma don Allah a daina tafiya da giyar ƙafa huɗu a kan kwalta, tana ɗaure giya, tana cin taya.

Naku,
Wani tsohon mai mota, Agadas