Tsinkayen Cin Abinci na Sinawa da Ladabinsu

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan tsinkayen cin abinci na Sinawa, waɗanda yanzu suka zama ruwan dare a gidajen abinci na Landan da Paris. An tono na tagulla da suka haura shekara 3,000 a Anyang, wani birni a ƙasar Sin, kuma daga ƙasar Sin suka bazu zuwa Japan da Koriya; a Koriya an fi son na ƙarfe. Abin da ke damuna shi ne, masu koyon riƙonsu ba sa koyon ladabinsu, domin a wurin Sinawa, kafa su tsaye cikin kwanon shinkafa abin ƙi ne, saboda yana kama da turaren da ake kunna wa mamaci.

Naku,
Wani mai karatu