Koken Mazauna Sharaɗa da Ja'en Kan Ƙofofin Injinan Masana'antu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,
ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu talakawanka, iyaye da ma'aikata, mun kawo kuka kan 'ya'yanmu da ke aiki a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai. A watan jiya wani yaron unguwarmu da ke aiki a wani kamfanin roba ya rasa yatsu uku. Injin niƙa roba ne ya cushe. Ya kashe shi kamar yadda aka koya masa, ya buɗe murfi, ya zura hannu, ashe wuƙaƙen ciki ba su gama juyawa ba. Mu muka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, hannun naɗe da rigarsa, mahaifiyarsa na biye da mu ko takalmi babu.

Ranka ya daɗe, yaron bai yi ganganci ba. Babban inji ko an yanke masa wuta yakan ci gaba da juyawa da ƙarfin nauyinsa. Shi ya sa aka ƙera wata sakatar lantarki da ake ɗaura wa ƙofar inji: muddin akwai motsi a ciki ƙofa ba za ta buɗu ba, kuma inji ba zai tashi ba sai an rufe an kulle. Sakatar iri-iri ce; wadda sifirin ke riƙe ta a kulle, ba wuta ba, ita ta fi dacewa da mu, domin ko an ɗauke wuta bagatatan, abin da muka saba da shi, tana nan a kulle. Ƙa'idar duniya ta ISO 14119 ta yi bayanin yadda ake zaɓenta da girka ta.

Abin da ya fi ƙona mana rai, wasu injinan da sakatarsu suka zo. Da ta lalace, ko aka ga tana jinkirta aiki, sai a kira mai gyaran wuta ya haɗe wayoyin, ko a cusa mata wani ƙarfe a naɗe da salatif don inji ya ɗauka ƙofa a rufe take. Lebura yana gani, amma wa zai yi magana alhali gobe ana iya cewa kada ya dawo?

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace duk ɓangaren inji mai haɗari, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni. Muna roƙon Sarki ya kira masu masana'antu fada ya ja hankalinsu su sanya wannan sakata, su haramta cire ta. Muna kuma roƙon ya sa baki jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya su riƙa shiga ba sanarwa, su ja ƙofar da hannunsu inji yana aiki, su ga ko za ta buɗu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu ne,
Iyaye da ma'aikata mazauna Sharaɗa da Ja'en, Kano.