Dattijon da Ƙafarsa Ke Liƙewa a Ƙasa, a Duba Masa Ruwan Ƙwaƙwalwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin jan hankalin 'yan'uwa Hausawa mazauna Makka, Jidda da Madina kan wata cuta da ke kama dattawanmu, a ɗauka tsufa ne, alhali ana iya magance ta. Likitoci na kiranta NPH, wato taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa ba tare da matsinsa ya hau sosai ba. Salomon Hakim, likita ɗan Kolombiya, da Raymond Adams ne suka bayyana ta a 1965.

Ƙwaƙwalwa da lakar baya suna cikin wani ruwa ne garai-garai, kimanin mililita 150. Jiki na samar da wajen mililita 500 a kullum, ke nan ruwan na sabuntuwa kusan sau uku a yini. Daga gurabe huɗu da ke cikin ƙwaƙwalwa yake tsatsowa, ya bi ƙananan hanyoyi, jijiyoyin jini na saman kai su shanye shi. Idan shanyewar ta yi rauni, guraben sai su riƙa buɗewa sannu a hankali, suna danne jijiyoyin da ke sarrafa ƙafa da mafitsara.

Abubuwan da aka tabbatar suna jawo haka su ne zubar jini a kan fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, buguwar kai, sanƙarau, ƙari (tsiro) a ƙwaƙwalwa, da aikin tiyata a kai. Jini da mugunya kan bar tabo a wurin da ruwan ke shanyewa, kamar magudanar da laka ta cike. Buguwar kai ce iyalai suka fi mantawa. Tsoho ya zame a tayil ɗin banɗaki wajen alwala, ko ya yi hatsarin mota a hanyar Jidda zuwa Makka, ya miƙe ya ce ba komai, sai bayan makonni ko watanni tafiyarsa ta canza, ba wanda ya tuna da faɗuwar. Sanƙarau kuwa ba baƙo ba ne gare mu: iyayenmu da yawa daga yankin Afirka da ya fi yawaita suka fito, kuma ya ɓarke a aikin hajjin 1987 da na 2000, abin da ya sa allurarsa ta zama dole ga alhazai.

Amma mafi yawan masu cutar da suka haura shekara 60 ba a samun wani sanadi a tarihinsu. A cikinsu an fi ganin masu hawan jini da ciwon suga, kuma ana kyautata zaton taurin jijiyoyin jini na hana ruwan gudana yadda ya kamata. Wasu kuma da ƙuntatacciyar hanyar ruwa aka haife su, jiki ya jure shekara da shekaru, sai da girma ya zo ya gaza.

Alamun cutar uku ne, tafiya ce kan fara lalacewa. Za ka ga Baba ya tsaya a bakin ƙofar masallaci, ƙafa a buɗe, tafin kamar an liƙe shi da ƙasa. In zai juya sai ya yi 'yan taku huɗu ko biyar. Sai matsuwar fitsari har ya kufce, sai sanyin tunani da mantuwa. Wannan na fitsarin ya fi ba mu tausayi, domin dattijo kan daina zuwa jam'i saboda kunya da tsoron najasa, bai gaya wa ko 'ya'yansa ba.

A nemi likitan ƙwaƙwalwa, a yi hoton CT ko MRI. Idan faɗin guraben gaba ya wuce kashi 30 cikin 100 na faɗin cikin ƙoƙon kai, akan yi gwajin zuƙe mililita 30 zuwa 50 na ruwan ta ƙashin baya, a auna tafiyar mita 10 kafin zuƙar da bayanta. Muna ba iyali shawara su ɗauki bidiyon tafiyar da waya, ido kan yi mantuwa. In an ga sauƙi, sai a sa siririn bututu mai bawul daga kai, a ƙarƙashin fata, zuwa kogon ciki, ya riƙa janye rarar ruwan. Tafiya ce ta fi gyaruwa, kuma jinkiri na rage nasara.

Bututun na iya toshewa ko ya kamu da ƙwayoyin cuta. Yana kuma iya janye ruwa fiye da kima, jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai, musamman ga mai shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Zazzaɓi, ja a kan hanyar bututun, ciwon kai mai tsananta a zaune ko a tsaye, ko komawar tsohuwar tafiya, duk na komawa asibiti ne a ranar. Mai bawul ɗin da ake saitawa kuma a sake duba saitinsa bayan kowane MRI, domin maganaɗisun na'urar na iya juya shi.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya Hausawa,
Jidda, Saudiyya.